Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya: Jarrabawar Likitocin Ido Da Makomar Ganinmu

Sau biyu a kowace shekara, wasu matasan likitoci kan bar asibitocinsu a Kano, da Kaduna, da Zariya, da Sakkwato, da Maiduguri, da Jos, su nufi cibiyoyin da kwalejojin ƙwarewa suka keɓe, domin su tsaya gaban manyansu a gwada ko sun isa a damƙa musu idon al'umma. Jaridu ba su cika ba da labarin wannan tafiya ba, kuma ba a yi mata irin hayaniyar da ake yi wa jarrabawar shiga jami'a. Amma abin da ake yankewa a waɗannan ɗakuna ya shafi kowane gida da ke da tsoho mai yanar ido, ko mai ciwon suga da ganinsa ya fara dushewa, ko yaron da ba ya hango rubutun allo.

Alƙaluma sun isa shaida. Binciken ƙasa kan makanta da aka gudanar a Nijeriya tsakanin 2005 da 2007 ya nuna cewa kashi 4.2 cikin ɗari na mutanen da suka kai shekara 40 zuwa sama makafi ne, wato fiye da mutum miliyan ɗaya. Yanar ido ce ta haddasa kimanin kashi 43 na wannan makanta, hawan jinin ido kuma ya biyo baya da kusan kashi 17. Yankin Arewa maso Gabas ne ya fi ko'ina, da kashi 6.1, yayin da Kudu maso Yamma ke da kashi 2.8. Abin da ya fi tayar da hankali shi ne, kashi 84 cikin ɗari na makantar irin wadda za a iya hanawa ce ko a warkar da ita. Ashe ke nan yawancin masu sanda da ɗan jagora a titunanmu ba ƙaddarar da ba ta da magani ce ta same su ba, rashin isa ga ƙwararren hannu ne a kan lokaci. Shi ya sa yadda ake horar da wannan hannu, da yadda ake gwada shi, bai kamata ya zama zancen likitoci kaɗai ba.

Doguwar hanya

Kafin mutum ya amsa sunan ƙwararren likitan ido a ƙasar nan, sai ya yi shekara shida a makarantar likitanci, ya yi shekara guda ta sanin makamar aiki a asibiti, ya yi hidimar ƙasa. Daga nan ne zai ci jarrabawar share fage a kan ilimin ginin jiki da aikin gaɓoɓi da makamantansu, sannan ya nemi gurbin horo a asibitin da aka amince da shi. Kwalejoji biyu ne ke kula da wannan horo: Kwalejin Horar da Manyan Likitoci ta Ƙasa da ke Ijanikin a Legas, wadda aka kafa a 1979, da Kwalejin Likitocin Tiyata ta Afirka ta Yamma. Horon ba ya gaza shekara huɗu, sau da yawa ma yakan zarce haka. A tsakiyarsa akwai jarrabawar kashi na ɗaya, wadda ke raba ƙaramin mai neman ƙwarewa da babba, a ƙarshensa kuma akwai kashi na biyu, inda ake kare kundin bincike.

A Arewa muna da wuraren da suka daɗe a wannan hidima. Asibitin Ido na ECWA da ke Kano ya fara aiki tun 1943, akwai kuma Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna, ga sassan ido na asibitocin koyarwa irin su na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika da na Malam Aminu Kano. Daga irin waɗannan wurare ne masu jarrabawar ke fitowa.

Jarrabawar tana da fuskoki. Akwai ta rubutu, akwai ta baka, inda ɗalibi ke zama gaban malamai ana jefo masa tambaya, akwai kuma ta gaban majiyyaci, wadda ita ce ke hana ido barci. A al'adar kwalejojin likitanci, wanda ya gaza a gaban majiyyaci, makin takarda ba ya cetonsa. Wannan hukunci yana da tsauri, amma yana da hujja.

Sani daban, iyawa daban

A 1990 wani masanin ilimin koyar da likitanci a Amurka, George Miller, ya kasa ƙwarewa hawa huɗu: mutum ya sani, ya san yadda ake yi, ya nuna yadda ake yi, sannan a ga yana yi a aikinsa na kullum. Jarrabawar rubutu tana auna hawa biyu na farko. Hawa na uku kuwa sai an kawo mutum mai rai, an ce wa ɗalibi: ga shi, duba.

Da can, ana ba ɗalibi majiyyaci guda ya daɗe da shi, ya ɗauki tarihin ciwonsa, ya duba shi, ya gabatar, sannan a zagaya da shi ga wasu 'yan kaɗan a gurguje. Aibin wannan tsari shi ne sa'a tana da babban rabo a ciki: wani ya dace da ciwo mai sauƙi da malami mai sassauci, wani ya haɗu da akasin haka. Don magance wannan ne Ronald Harden da abokan aikinsa a Dundee ta ƙasar Sukotlan suka bayyana wani sabon tsari a 1975, wanda likitoci ke kira OSCE. Ana jera tashoshi, kowace da aikinta da mintunanta ƙididdigaggu, kowane ɗalibi ya bi ta kansu duka, malamai kuma su ba da maki bisa jerin abubuwan da aka tsara tun farko. Da ƙararrawa ta kaɗa, sai ka tashi, ko ka gama ko ba ka gama ba. Wannan tsari ya bazu a duniya, har da kwalejojinmu.

Fannin ido ya fi yawancin fannoni dogaro da irin wannan gwaji, domin kusan duk abin da likita ke nema ganinsa ake yi, kuma da na'ura ake ganinsa. Tun da Hermann von Helmholtz ya fito da madubin leƙa bayan ido a wajajen 1851, Allvar Gullstrand kuma ya ƙera fitilar tsaga a 1911, aikin ya zama na wanda hannunsa ya saba da kayan aiki. Mai riƙe da madubin da ake ɗaurawa a ka don duba bayan ido yana ganin hoton a kife ne, sama ta koma ƙasa, dama ta koma hagu. Wanda bai saba ba zai ga yagewa a saman tantanin gani, ya zana ta a ƙasa. A takardar jarrabawa wannan asarar maki ce. A ɗakin tiyata kuwa asarar ido ce.

Abin da malamai ke nema

Masu shirin jarrabawa da yawa sukan ɗauka cewa malamai na farautar sunayen cututtukan da ba a cika gani ba. Gaskiyar ita ce abin da aka fi aunawa shi ne tsari: shin wannan matashi yana da hanya guda da yake bi kullum, wadda ba ta barin wani abu ya kuɓuce masa? Ya yi sallama ya gabatar da kansa, ya nemi izini, ya tsabtace hannu. Ya kalli mutumin gaba ɗaya kafin ya kalli idonsa: yadda ya shigo, yadda ya karkatar da kai, ko fatar ido ɗaya ta sauko. Ya auna ƙarfin gani na kowane ido daban, da allon haruffa na Snellen, ko da allon harafin E mai juyawa ga wanda bai yi karatun boko ba. Ya sa majiyyaci ya leƙa ta ɗan ƙaramin rami, domin idan gani ya ƙaru ta haka, mafi yawa matsalar ta tabarau ce. Sannan ya bi ido daga gaba zuwa baya, ba tare da tsallake ba, ya kuma tuna da ɗaya idon.

Misali guda zai nuna dalilin wannan naci. An kawo dattijo da yana ta rufe masa ido fari fat. Ɗalibi mai gaggawa zai ce yana ce, a yi aiki. Mai tsari kuwa zai ɗauki tocila ya riƙa kai haske daga wannan ido zuwa wancan, yana lura da ɗan baƙin ramin da ke tsakiyar ido. Idan ramin ya buɗe maimakon ya tsuke lokacin da haske ya iso shi, to akwai lahani a jijiyar gani ko a tantanin baya, domin yana ita kaɗai ba ta haifar da wannan alama. Wannan gwaji bai kai minti ɗaya ba. Wanda ya tsallake shi zai iya yi wa iyali alkawarin gani, su sayar da akuya ko buhun gero su biya kuɗin aiki, a cire yana lafiya lau, amma dattijo ya tashi cikin duhun da ya kwanta da shi.

Haka abin yake ga manomin da kara ko zangarniya ta soke shi a ido lokacin girbi, ya zo da ido ja yana hawaye. Idan ba a ɗiga ruwan rini an duba gyambo a gilashin gaban ido ba, aka ba shi maganin ɗigawa mai sitiroyid don kawai jan ya ragu, ƙwayar cutar da ke ciki za ta samu sarari ta cinye idon. Haka kuma jaririn da uwarsa ta ga wani farin abu na ƙyalli a tsakiyar idonsa: yana iya zama yana, yana kuma iya zama sankarar tantanin gani, wadda ke kisa idan aka yi jinkiri. Da mutumin da fatar idonsa ta faɗi kwatsam, idon ya karkace, ramin tsakiya ya buɗe, ga ciwon kai: wannan ba ya jiran mako mai zuwa, domin yana iya zama kumburin jijiyar jini a cikin kai. Duk tashar da aka ajiye a jarrabawa, wani gida ne a ƙauye ko a birni aka taƙaita cikin mintuna kaɗan.

Yadda ake shiri

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Shirin jarrabawar gaban majiyyaci yana farawa ne ranar da likita ya shiga horo. Babu ɗakin karatun da ya kai ɗakin duba marasa lafiya na ranar Litinin, inda layi ke kaiwa har baranda. Wanda ya ɗauki kowane majiyyaci tamkar tashar jarrabawa, ya duba shi a tsare, ya rubuta abin da ya gani, ya zana hoton bayan ido, ya yanke hukuncinsa kafin ya buɗe fayil ya ga abin da babba ya rubuta, to ya riga ya yi jarrabawar sau dubu kafin ranarta. Wanda kuwa ya saba da leƙa fayil tukuna, ranar da aka ɗauke fayil zai tsinci kansa tsirara, kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Na biyu shi ne aiki da agogo da kuma baki. Gane ciwo a zuci abu ne, faɗinsa a fili cikin jimloli uku ko huɗu a gaban farfesan da ya ɗaure fuska wani abu ne dabam. Ƙungiyar mutum uku ta fi dacewa: ɗaya ya duba, ɗaya ya zama malami riƙe da takardar maki, na uku ya lura da lokaci, sannan a yi musanya. A koyi fara bayani da abin da ya fi muhimmanci, a faɗi abin da aka gani kafin abin da ake zato, a kawo cutar da ta fi yawa kafin wadda sai a littafi. Kuma kada a taɓa faɗin alamar da ba a gani ba. Malami yana yafe wa wanda ya ce bai hango ba, amma da wuya ya yafe wa wanda ya ƙirƙiro, domin likitan da ke ƙirƙira a jarrabawa zai ƙirƙira a fayil.

Na uku ya shafi karatun kansa. Tun 1885 Hermann Ebbinghaus ya nuna yadda abin da aka haddace ke zubewa da sauri idan ba a waiwaye shi ba, binciken Roediger da Karpicke na 2006 kuma ya nuna cewa wanda ke rufe littafi ya gwada tuno abin da ya karanta ya fi riƙe shi a kan wanda ke ta maimaita karantawa. Wannan ba baƙon abu ba ne ga al'ummar da ta san tilawa da muraja'a a makarantar allo. Kwana ana jan layi da alƙalami mai launi a littafin Kanski yana sanyaya zuciya, amma tambayar kai da kai, a rarrabe cikin watanni, ita ce ke zaunar da ilimi.

Na huɗu, akwai ayyukan hannu da babu gajeriyar hanya gare su: auna tabarau da madubin haska tantanin gani, auna hawan jinin ido da ma'aunin Goldmann, duba kusurwar da ruwan ido ke fita, da gwajin rufe ido ɗaya ga mai harara-garke. Waɗannan sai an yi su sau ɗaruruwa, a gaban wanda zai ce ka karkata, gyara.

Littafin can, ciwon nan

Yawancin manyan littattafan fannin an rubuta su ne a Ingila da Amurka, da hotunan idanun mutanen can. Bayan idon baƙar fata ya fi duhu, hawan jinin ido kuma yakan kama mutanenmu da wuri, ya fi tsanani, kuma galibi ba sa zuwa asibiti sai ya cinye mafi yawan gani. Amosanin ido, wanda ke juyar da gashin ido ciki ya riƙa goge gilashin ido, ɗan shafi kaɗan ne a littattafan Turai, alhali a busassun yankunan Arewa aiki ne na yau da gobe, kuma wajibi ne ɗalibi ya san matakansa biyar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara a 1987. Ga illar sikila a tantanin gani, ga tabon da ƙyanda da ƙarancin sinadarin bitamin A ke bari a idon yara, ga ɓarnar magungunan gargajiya da ake ɗurawa a ido. Ga kuma tsohuwar al'adar nan ta tura yana cikin ido da tsinke: wancan binciken na ƙasa ya gano cewa fiye da kashi 40 na idanun da aka taɓa yi wa wani aiki saboda yana, ta wannan hanya aka yi musu, kuma akasarinsu sun ƙare a makance. Mai shiri na gaskiya yana karanta littafin can da idon ciwon nan.

Sai batun harshe. Ana koyarwa da Turanci, ana jarrabawa da Turanci, amma tsohuwar da ke kan kujera da Hausa ko Fulfulde ko Kanuri take kuka. Idan ta ce tana ganin hazo, ko ta ce dundumi ke damunta da magariba, ko ta ce wani abu kamar ƙuda na yawo a gabanta, kowace kalma hanya ce zuwa wata cuta dabam. Likitan da zai iya bayyana wa mai hawan jinin ido cewa maganin ɗigawa ba zai dawo da ganin da ya tafi ba, sai dai ya tsare wanda ya rage, kuma har abada ne, ya yi rabin aikin. A ganina ya dace sassan horo su riƙa gwada wannan bayani da harshen majiyyaci tun a gida, kafin a je gaban kwaleji.

Nauyin da ba na ɗalibi ba

Zalunci ne a ɗora wa matashin likita dukan laifi idan ya faɗi. Ba a koyon fitilar tsaga a wurin da mutum goma ke layi kan guda ɗaya, ko inda wuta ke ɗaukewa a tsakiyar duba majiyyaci. Ba a koyon ƙwarewa inda manyan da za su tsaya a kan yaro suka ragu saboda ficewa zuwa Ingila da Saudiyya da Kanada. Wanda ya kwana a bakin aiki, ya wayi gari da layin mutum ɗari, ba shi da sauran kuzarin da zai zauna ya yi bita. Ga kuɗin rajista, da na kwasa-kwasan da ake wajabtawa, da na mota da masauki. Dokar Horar da Likitoci Masu Neman Ƙwarewa ta 2017 ta yi tanadin ɗaukar nauyin wannan horo, amma jinkirin biyan kuɗin ya sha shiga cikin dalilan yajin aikin ƙungiyar likitocin.

Wasu kan ce tunda muna cikin ƙarancin likitoci, a sassauta ma'auni a yaye da yawa. Wannan shawara tana da daɗin ji, amma talaka ne zai biya farashinta, domin mai hali zai hau jirgi ya tafi Indiya ko Masar. Ido ba ya da na canji. Abin da ya kamata shi ne a bar ma'auni inda yake, a ɗaga masu zuwa gare shi. Gwamnatocin jihohi su ɗauki nauyin 'ya'yansu da sharaɗin su dawo su yi aiki a manyan asibitocin ƙananan hukumomi. Asibitocin koyarwa su keɓe lokacin karatu da ba a taɓawa, su kafa ɗakin gwajin tiyata inda ake koyo da idon dabba kafin a taɓa na mutum, su riƙa shirya jarrabawar gwaji tare da gayyato malamai daga wasu cibiyoyi. Cibiyoyin Kano da Kaduna da Zariya, da ba su da nisa da juna, su riƙa musayar ɗalibai, domin abin da wannan ke da shi wancan ba shi da shi. Attajiranmu da ke ɗaukar nauyin aikin ido kyauta, Allah Ya saka musu, su tuna cewa sayen na'ura guda ga sashen horo sadaka ce mai gudana wadda ta fi sansanin mako ɗaya daɗewa. Kwalejoji kuma su riƙa ba wanda bai yi nasara ba cikakken bayanin inda ya gaza, domin ya san abin da zai gyara.

Akwai kuma wanda ake yawan mantawa da shi: majiyyacin da ya yarda ya zauna tun safe, a ɗiga masa maganin buɗe ido, matasa su yi ta haska masa fitila ɗaya bayan ɗaya. Haƙƙinsa ne a nemi yardarsa da harshen da yake ji, a ba shi hutu da abinci da kuɗin mota, a kuma tabbatar an yi masa maganin abin da ya kawo shi. Ɗalibin da ya gode masa kafin ya tashi ya nuna abin da babu littafin da ke koyarwa.

Ga ƙannenmu da ke shirin zama na gaba, faɗuwa sau ɗaya ba ƙarshen hanya ba ce, manya da yawa sun bi ta nan. Amma kada burin ya tsaya ga takardar shaida. Malaman da ke bayan tebur suna yi wa kansu tambaya guda ce: idan mahaifiyata ce a kan wannan kujera, a wani asibiti mai nisa inda babu wani babba, zan yarda wannan ya duba ta? Wanda ya yi shiri domin amsa wannan tambaya, sauran tambayoyin za su zo masa da sauƙi. Allah Ya ba su nasara, Ya kuma tsare mana ganinmu.